A hana 'yan aji ɗaya kalkuleta a gwajin kalkulas, ko a bar su da ita?

Malam Mai Alli:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau na gama makin takardun MTH 102, wato kalkulas (lissafin yadda abu yake sauyawa) na 'yan aji ɗaya a jami'a, kuma tun la'asar abin yake cin raina, shi ya sa na kawo shi nan ko a samu mai ba ni shawara.

Na ba su tambaya cewa su fitar da dy/dx, wato saurin sauyawar y idan x ta sauya, na y = 1/x daga tushe. Layin farko kusan kowa ya rubuta daidai: (1/(x+h) − 1/x) a raba da h. Ka ga ke nan sun ji darasin, sun san abin da ake nema. A layi na biyu aka yi ta zubewa, kuma layi na biyun nan ba kalkulas ba ne, ɗebe kashi daga kashi ne kawai, wato lambobi masu sama da ƙasa irin 1/5 da 1/7. Wasu sun raba 1/(x+h) ya koma 1/x + 1/h. Wasu sun ɗebe na sama daga na sama, na ƙasa daga na ƙasa. Kaɗan ne suka isa −1/x². A wata tambayar amsa ta tsaya a 8/3 − 1/3, na ga yaro da idona ya ɗauki kalkuleta ya danna, ya rubuta 2.3333, bai ma lura cewa 7/3 ne ba.

Abin da nake son kai wa sashenmu shi ne wannan. A farkon zango a yi ɗan gajeren gwaji, minti 20, tambaya 10, ba kalkuleta. Kashi, alamar ɗebewa, buɗe baka, wato alamar ( ), sauƙaƙa aljebra, sin da cos na 30, 45 da 60. Sai ka ci 8 za a ce ka wuce, babu rabin maki. Wanda ya faɗi ya sake zama. Maki 10 daga cikin 30 na gwajin zango su rataya a kansa. Me kuka gani?

Injiniyan Ruwa:
Wa alaikumus salam. Malam, da girmamawa, ban goyi baya ba. Shekara goma sha biyu ina aikin bututu da tankuna, ban taɓa zama na yi intigireshan, wanda ɓangare ne na kalkulas, da biro a wurin aiki ba. Kwamfuta ke yi, kuma ta fi ni sauri ta fi ni daidai. Lokacin da za ku ɓata kuna gwada yara a kan haddar sau, ku koya musu yadda ake mayar da matsalar gaske ta zama lissafi. Nan ne muke shan wuya da sababbin da muke ɗauka. Iyayenmu da fo-figa tebur, littafin jadawalin lambobi da ake duba amsa a ciki, suka yi karatu, da kalkuleta ta zo ai ba wanda ya ce a koma tebur.

Malam Mai Alli:
Injiniya, ban ce su ninka 4,783 sau 926 da ka ba. Wannan aikin na'ura ne, na yarda. Amma nuna min maɓallin da zai ɗebe maka 1/x daga 1/(x+h) a kan kalkuletar da yaran nan suke riƙewa. Babu shi. Wanda hannunsa bai saba da 1/5 − 1/7 ba, in aka sa masa harafi a madadin lamba sai ya tsaya cak.

Mai Haɗa Magani:
Bari in sa baki daga ɓangarenmu. Mu kullum da kalkuleta muke aiki, kuma dole ne, ban yarda wani ya auna wa jariri magani da ka ba. Amma kuskuren da muka fi tsoro a asibiti shi ne na ɗigo. Yatsa ya zame, 0.5 ya zama 5, magani ya ninka goma. Kalkuleta ba za ta ce maka komai ba, abin da ka ba ta shi za ta mayar maka. Mai tsare yaron nan shi ne ma'aikacin da tun kafin ya danna ya riga ya ƙiyasta a ransa cewa amsar ba za ta wuce kaza ba, da ya ga lambar ta yi tsalle sai gabansa ya faɗi ya sake dubawa. Wannan faɗuwar gaban ba a samunta sai hannu ya daɗe yana juya lambobi. Ina tare da Malam.

Autar Aji:
Ina wuni iyayena da yayyena. Ni bara na yi kwas ɗin nan, ku yi haƙuri in faɗi abin da ke raina.

Tun daga SS1 aka ce mu sayi kalkuleta. WAEC ta yarda da ita. A JAMB ma akwai ta a jikin allon kwamfutar. Shekara uku ana nuna mana cewa ita ce hanya, rana ɗaya mu shigo jami'a a ce laifi ne? Ni da na zo, 7 sau 8 sai na tsaya na yi tunani, kuma ba don ba na karatu ba. Babu wanda ya taɓa tsayawa a kaina ya tabbatar na iya. In aka ce minti 20, sai ka ci 8 cikin 10, wallahi da yawanmu tsoro kaɗai zai kayar da su. Kuma kun san abin da kari-oba, wato maimaita kwas ɗin da aka faɗi, take yi wa mutum a aji ɗaya, har aji huɗu yana jan ta.

Baba Hedimasta:
'Yar nan ta faɗi gaskiya. An bar jaki ana dukan taiki. Kashi darasin aji huɗu da biyar ne na firamare. Lokacin da nake riƙe da makaranta, kowace safiya kafin a buɗe littafi sai an yi lissafin ka na minti goma, malami na jefa tambaya yara na cafewa. Yau ku shiga ajin firamare na gwamnati ku ƙirga kawunan da ke gaban malami ɗaya, sannan ku tambayi malamin shi kansa rabi da sulusi nawa ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malam Mai Alli, kai ɗana ne, ina tausaya maka, amma ɓarakar da ta shekara goma tana buɗewa ba gwajin minti ashirin zai ɗinke ta ba.

Malam Mai Alli:
Baba, Allah ya ƙara girma. Duk abin da ka faɗa haka yake. Sai dai yaran sun riga sun iso gabana, ba ni da ikon mayar da su firamare. Ko in rufe ido in tura su aji biyu a haka, ko in tare su yanzu da sauran dama.

Auta, ƙanwata, na ji ki, kuma maganarki ta taɓa ni. Ki lura da abu ɗaya: na ce wanda ya faɗi ya sake zama. Faɗuwar farko ba ta rage masa komai.

Baƙon Amurka:
Sannunku da muhawara. Ina karatun digiri na uku a nan, ina kuma taya koyar da 'yan aji ɗaya, to bari in ba ku labarin yadda su suka yi da wannan rigimar, don sun riga mu shiga cikinta.

A 1986 malaman lissafi suka yi taro a Jami'ar Tulane da ke New Orleans saboda yadda ɗalibai suke faɗuwa a kalkulas, kuma waɗanda suka ci ma hadda ce kawai. Daga nan aka fara gyaran manhaja: a rage dogon aikin hannu, a ƙara fahimta, a duba kowace matsala ta fuskar zane da ta lambobi da ta aljebra. Lokacin ya zo daidai da fitowar kalkuleta mai zana hoto. Casio ta fitar da fx-7000G a 1985, Texas Instruments ta biyo da TI-81 a 1990. Sai ajujuwa suka cika da su. Ba a jima ba malaman injiniya da na fiziks suka fara ƙorafi cewa yaran suna iya bayani da baki amma hannunsu ya mutu.

Maganin da jami'o'i da dama suka samo shi ne kusan abin da Malam yake faɗa. Suna kiransa gwajin ƙofa, wato sai ka bi ta nan za ka wuce. Jami'ar Michigan ta yi suna a kansa. Gajere ne, ba kalkuleta, ba rabin maki, sai ka ci kusan duka. A kwamfuta ake yi, akwai mai sa ido, kuma ɗalibi yana da makonni da zai yi ta komawa har ya ci. Kafin nan yana iya gwada irin tambayoyin a ɗakinsa sau nawa ya ga dama. Wanda wa'adi ya cika bai wuce ba a rage masa daraja a sakamakon ƙarshe.

Ko jarrabawar AP ta kalkulas da 'yan sakandare suke yi don a yafe musu kwas ɗin a jami'a, raba ta aka yi. A jarrabawar 2025, cikin tambayoyin zaɓi 45, guda 30 ba kalkuleta, 15 da ita. Cikin dogayen tambayoyi 6, guda 4 ba kalkuleta, 2 da ita. Su da suka ƙera na'urar ba su sakar mata komai ba, kuma ba su kore ta ba.

Injiniyan Ruwa:
To ai ka faɗi abin da ya bambanta mu da su da bakinka. A kwamfuta ake yi. Kwamfuta ce ke sauya tambaya, ita ke maki nan take. Malam, mutum nawa ne a ajinka?

Malam Mai Alli:
Sun haura ɗari shida, daga sassa daban-daban. Mu biyu ne ke ɗaukar kwas ɗin.

Injiniyan Ruwa:
Ka gani. In rabinsu suka faɗi zaman farko, takarda ɗari uku ke nan a zama na biyu, ga na uku ga na huɗu. Wa zai yi makin? A wane ɗaki? Kuma kafin 'yan rukuni na biyu su shiga, tambayoyin sun riga sun zaga WhatsApp.

Dakta Ta Sashen Fiziks:
Injiniya ya taɓo wurin da ya fi damuna, kuma akwai wanda ya fi shi muni da ba a faɗa ba. Duk inda aka kafa ƙofa aka ce sai ta nan, akwai mai tsayawa a bakinta yana karɓar na goro. Na taɓa ganin inda ƙaramin gwaji irin wannan ya zama hanyar sayar da takardun darasi, wanda bai saya ba sunansa ba ya fitowa. 'Yan mata kuma abin da ake nema a wurinsu ya wuce kuɗi, kowa a nan ya sani. Malam Mai Alli na san ba halinsa ba ne, amma tsari yana daɗewa fiye da wanda ya kafa shi. In za a yi, a yi makin a gaban ɗalibi, ya fita da sakamakonsa a hannu, kada takarda ta kwana a ofishin kowa.

A kan ainihin maganar kuwa ina goyon baya ɗari bisa ɗari, don ni ce nake karɓar yaran nan a aji biyu. Kuma Injiniya, ka ce kwamfuta ta fi ka daidai. Ɗauki kalkuletarka ka sa ta a radiyan, ma'aunin kusurwa da ake amfani da shi a kalkulas maimakon digiri, ka lissafa (1 − cos x)/x² da x = 0.1. Za ka samu kusan 0.4996. Ka rage x zuwa 0.01, za ta ƙara matsowa kusa da rabi. Yanzu ka sa x = 0.00000001. Sifili za ta ba ka. Amsar gaskiya tana nan dab da 1/2, amma cos na wannan ƙanƙanuwar lambar ya kusanci 1 har gurbin lambobin na'urar ya ƙare, sai ta ɗauke shi 1 cif, ta ɗebe ta samu sifili. Wanda ya san lissafin da hannu zai gane na'ura ce ta gaza. Wanda bai sani ba zai rubuta sifili ya ja layi biyu a ƙasa.

Injiniyan Ruwa:
Na gwada yanzu, Dakta. Sifili ta ba ni. Wannan na karɓa.

Amma misalinki ya ƙara min ƙarfi ta wani gefen. In na'ura tana da irin wannan ramin, ai sai a koya wa yara inda ramukan suke, kuma hana su taɓa ta ba zai koya musu ba. Na sha ganin wanda ya gama digiri bai san kalkuletarsa tana kan digiri ko radiyan ba. Ku ba shi sin x a kan x da ƙaramin x, ya kawo muku 0.01745 maimakon 1, bai san daga ina ta fito ba. Wani ya danna −3² ya ga −9 ya ce na'ura ta lalace, alhali shi ne bai sa baka ba. In za ku yi gwajin da ba kalkuleta, ku yi na biyu da sai da ita.

Malamar Sakandare:
Ni ina koyar da lissafi a SS2 da SS3, kuma zan faɗi namu laifin. Ana auna mu da yawan waɗanda suka ci kiredit a WAEC da NECO. Iyaye shi suke tambaya, mai makaranta shi yake tambaya. To in zango ya ƙure, abin da muke yi shi ne nuna musu gajeriyar hanya. Kalkuleta irin fx-991ES tana warware kwadiratik, tana warware lissafi biyu masu x da y, har maɓallin d/dx da na intigireshan gare ta in an ba ta lambobi. Yaro ya ga haka, me zai sa ya wahalar da kansa? Ranar da jami'a ta fara tare su a ƙofa, labari zai dawo mana ta bakin yayyensu, kuma ni zan samu hujjar da zan ce a ajiye na'ura ranar Litinin da Laraba ba tare da an kai ƙarata ofis ba. Don haka Malam, ka taimake mu ka yi.

Malam Na Zaure:
Ni ba ɗan boko ba ne sosai, a zaure na yi yawancin karatuna, amma da na ga ana maganar kashi sai na ji ta shafe ni. Mu a babin gado ba mu da abin aiki sai shi: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi, sulusi biyu, sudusi. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya ɗaya mace. Mata sumuni, uwa sudusi, 'ya rabi. Almajiri zai nemo asalin mas'ala, ya ga 24 ce lambar da duka suke shiga. Mata 3, uwa 4, 'ya 12, an samu 19, saura 5 na asaba, wato magadan da suke ɗaukar abin da ya rage. Wannan neman asalin shi ne abin da Malam yake cewa ɗalibansa sun kasa, in na fahimta daidai. Malaminmu ba ya barin ka wuce wannan babin sai ya jefa maka mas'ala goma ka warware a gabansa. In ka yi kuskure ba duka ba zagi, gobe ka dawo. Wani kwana uku, wani wata guda. Da an zo raba kuɗin kansu kuwa, miliyan kaza da dubu kaza, ni ma waya nake ɗaukowa in danna, don haƙƙin marayu ne.

Baba Hedimasta:
Allah ya saka da alheri, Malam. "Gobe ka dawo" ɗin nan ita ce aka rasa a makarantun yanzu.

Autar Aji:
In haka ne ni ma na yarda, amma ina roƙon abu uku. A ba mu irin tambayoyin tun ranar farko mu san abin da ake nema. A sa wani ya zauna da waɗanda suka faɗi kafin su sake, don in ka mayar da mutum ɗakin gwaji bai koyi komai ba sakamakon farko zai maimaita. Kuma don Allah kada a manna sunayen waɗanda suka faɗi a allon sanarwa. Akwai wata a ajinmu mai matsalar ido, rubutu ƙanana yana ɗaukar ta lokaci, irinta a ƙara musu minti.

Baƙon Amurka:
Nan ma haka ake yi, Auta, mai larura ana ƙara masa lokaci in ya kawo takarda. Malam, ka kuma kula da tsawon tambayoyin. In lambobin suka yi nauyi gwajin ya koma na sauri, kuma akwai masu zurfin fahimta da hannunsu bai da sauri. Ka zaɓi lambobin da in mutum ya san hanya layi biyu ya ishe shi.

Malam Mai Alli:
Na gode ƙwarai, kowa ya ƙara min wani abu. Ga yadda na gyara takardar da zan kai taron sashe.

Zan rubuta tambaya 100 in raba wa kowa a makon farko, a fili, har da amsoshinsu. Daga cikinsu za a ɗebo 10 a sauya lambobi, saboda haka in sun zaga WhatsApp ma alheri ne, wanda ya zauna ya warware ɗarin nan ya riga ya koyi abin da nake so. Minti 30 maimakon 20. Amsa kawai za a rubuta a akwati, yadda maki ba zai wuce minti ɗaya ba, kuma a gaban mai takarda za a yi shi kamar yadda Dakta ta ce, ya sa hannu ya karɓi rabin takardar. Zama huɗu, daga mako na biyu zuwa na bakwai. Tsakanin kowane zama akwai ajin gyara ranar Asabar. Babu manna suna, lambar rajista kawai.

Injiniya, maganarka ma ta shiga. A babbar jarrabawa zan ware tambaya ɗaya da sai da kalkuleta, kuma zan ɗauki darasi guda cur a kan radiyan da baka da irin ramin da Dakta ta nuna.

Abin da ya rage min shi ne hannu. Mu biyu ba za mu iya makin mutum ɗari shida a tsaye ba. Ina tunanin roƙon ɗaliban digiri na biyu, amma ba ni da abin da zan ba su.

Dakta Ta Sashen Fiziks:
Ina da huɗu a ƙarƙashina, zan yi musu magana, kuma ni ma zan zo zaman farko. Ka nemi babban ɗakin lacca tun yanzu, don daga mako na uku ba ya samuwa ranar Asabar.

Malamar Sakandare:
Malam, in ka gama tambaya ɗarin nan ka turo min. 'Yan SS3 ɗina za su fara su tun wannan zangon.

Autar Aji:
Ajin Asabar ɗin, waɗanda suka riga suka wuce kwas ɗin za su iya zuwa? Muna da MTH 201 a gaba kuma har yanzu kashi yana ba ni wuya.

Malam Mai Alli:
Ki zo, ƙanwata, ki taho da duk mai so. Ƙarfe tara za mu fara, ki riƙo biro da littafin rubutu sabo.